Idon Bayan Motar Baba

Dungas, farkon Mayu

Zuwa ga Kawu Mainassara, a garejin Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Habsatu da yara. Ya aiki, ya zafi? Ni ce Zulfa, ɗiyar yayarka Mero. Ka gafarce ni da na rubuto takarda a zamanin salula. Ba ni da tawa, ta Baba a kashe take cikin akwati, ta mai shago ce kaɗai ta rage a garinmu, kuma da mutum ya kara ta a kunne sai masu zaman benci su yi tsit suna saurare. Maganata ba ta benci ba ce. Zan ba direban Damagaram wannan takarda, shi kuma ya ba na motar Agadas.

Muna lafiya. Ƙanwata Daso ta yi ƙyanda ta warke. Inna tana nan, sai dai ƙafafunta suna kumbura, kuma ba ta iya sunkuyawa gaban murhu kamar da.

Na san ka ji abin da ya faru a garinmu Gidan Ƙirya, amma ban san yadda aka faɗa maka ba. Ranar kasuwar Waca ce, da hantsi. Ka san rumfar da Baba ke ajiye kat-kat ɗinsa, motar nan ta shiga daji: hancin motar yana kallon katanga, ba ta fita sai da baya. Ya zagaya ta kamar kullum, ya kori awaki daga ƙarƙashi, ya shiga ya tada inji. Sai Liman ya tsaya a taga suka shiga gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya aka ji da zafi. Cikin wannan gaisuwar ne Altine, ɗiyar maƙwabcinmu Baba Manzo, ta zo ta zauna a inuwar tayar baya. Shekararta uku. Baba ya ja baya kaɗan, ya ji ya taka wani abu, ya mayar da motar gaba inda take. Altine ba ta tashi ba. Tun ranar motar tana nan a haka.

Jandarmomi sun zo. Baba Manzo ya ce ƙaddara ce, ya yafe, ba ya neman komi. Uwar yarinyar, Inna Zuwera, ba ta ce komi ba har yau, ko da mai kyau ko da marar kyau. Baba ya kama azumin kaffara na wata biyu cikin wannan zafi, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Duk Juma'a yana shiga motar ya tada inji don kada batir ya mutu, ya zauna, ya kashe, ya fito. Ba ya taɓa bitas, sandar sa giyar mota. Ya ce shi da ja da baya har abada, kuma ba ya ba kowa makulli. Ko ya bayar, babu wani direba a garin.

Kawu, ka san hanyarmu. Idan damina ta sauka, babu motar da ke shigowa sai irin tasa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wata motar poroje, ta masu aikin agaji, ta zo lakwal ɗinmu, makarantar da nake, na ga direban yana ja da baya bai waiwaya ba, yana kallon wani ɗan gilashi a gabansa, cikin gilashin kuma ga ƙasa, ga ƙafafun yara, ga komi. Na ji kunyar tambayarsa, amma mushen fizik, malaminmu na kimiyya, ya ce kamara ce, akwai masu araha, kuma mutum na iya haɗawa da kansa. Kai aikin wutar mota kake yi. Ko za ka samo mana ɗaya? Ina tunanin idan Baba ya ga bayansa, zai yarda ya fitar da motar. Saboda Inna nake so ta fita.

Ka gaishe da mutanen gida.

Ɗiyarka,
Zulfa

*

Agadas, ƙarshen Mayu

Zulfa ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ta sha mai da ƙura a aljihun direba amma ta karantu. Muna lafiya. Habsatu tana gaishe ki, ta ce rubutunki ya fi nawa kyau, abin da ban musa ba.

Allah ya jiƙan yarinyar, ya ba Manzo da Zuwera haƙuri. Na kira lambar babanki har na gaji. Na san shi tun yana yaron mota, bai taɓa take ko kaza ba. Abin da yake ji ba kamara ce za ta cire masa shi ba, lokaci ne. Ku bar shi ya ƙare azuminsa, kada a matsa masa.

Kamarar kuwa akwai ta, a nan kamar goro ake sayar da su, direbobin sahara sun fara sawa. Amma ba aikin da za a yi ta takarda ba ne. In Allah ya kai mu bayan girbi zan zo gida, in zo da ita, in haɗa da hannuna, ke kuma ki riƙe mini fitila, injiniya. Motar ba ta gudu, tana nan kallon katanga.

Batun ƙafar Yaya Mero, gadonmu ne, haka mahaifiyarmu take yi duk bazara. Ta rage gishiri da kanwa, ta riƙa ɗora ƙafar bisa turmi idan ta zauna. Da ruwa ya sauka za ta saɓe.

Ke dai ki sa kanki ga jarrabawar brebe. Ke ce ta farko a gidanmu da ta kai ajin nan, kada zancen mota ya cinye miki karatu.

Kawunki,
Mainassara

*

Gidan Ƙirya, ƙarshen Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Mun yi jarrabawa, na dawo gida, muna jiran sakamako. An yi ruwan shuka, gero ya tsiro. Baba ya ƙare azumi amma cin abincinsa bai dawo ba.

Na karanta takardarka na yi kuka, ba don ka faɗi wani abu marar kyau ba. Laifina ne, ban faɗi magana yadda take ba. Ni ce 'yar fari, kai kuma ƙanen Inna ne, ban san yadda zan sa wannan kalma a takarda zuwa gare ka ba. Na zaci za ka gane. Yanzu zan rubuta, ka yi haƙuri da rashin kunyata.

Inna tana da juna biyu. Ya tsufa. Ana sa ran cikin Agusta.

Ka tuna haihuwar Daso, yadda aka sha wuya, da wanda ya biyo bayanta da bai zo da rai ba. Na raka Inna awo a Dungas kan amalanke. Sajfam, ungozomar gidan likita, ta auna ta, ta dube ni ta ce tunda ni ce mai karatu in ji da kyau: wannan haihuwa ba ta gida ba ce, ba ma ta Dungas ba ce, ta babban asibitin Magariya ce inda ake aiki, kuma da abu ya fara kada a tsaya jiƙa rubutu, a sa ta mota. Na ce to. Ban gaya mata motar tana kallon katanga ba.

Na faɗa wa Baba abin da sajfam ta ce, ina bayan ƙofa, shi yana waje. Ya ce, "Allah zai kawo mota." Na ce, "Baba, ga mota." Ya tashi ya ɗauki hauyarsa.

Amalanke ba zai kai ta Magariya cikin ruwa ba. Kwarin da ke tsakaninmu da babbar hanya ya fara cika, ranar Lahadi jakin mai gishiri sai da aka sauke masa kaya kafin ya haye.

Kawu, bayan girbi ya yi nisa. Ka aiko da kamarar, ka rubuta mini yadda ake yi dalla-dalla. Mun yi darasin wuta a aji, na san pilis da mwan, kawunan batir biyu, na haɗa ƙwan fitila da pil na tocila ya kama, ni kaɗai cikin 'yan mata. Zan bi abin da ka rubuta, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba.

Ɗiyarka,
Zulfa

*

Agadas, Yuli

Zulfa,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Habsatu ta karanta takardarki ta farko ta sake karantawa, ta ce ko jaki ya gane abin da kike nufi, ni ne dai ban kai jakin ba. Na karɓa. Wata guda na ɓata muku.

Ba zan iya tasowa yanzu ba, maigidan gareji ya tafi Dirku ya bar mini wurin. Ga kwali nan. Ki buɗe shi bisa tabarma, kada wani abu ya faɗa cikin rairayi.

Abin da ya yi kamar ƙwallon dabino mai gilashi a baki, shi ne idon. Mai faɗin tafin hannu shi ne ekran, inda hoto ke fitowa. Dogon fil, wato waya, mai kai rawaya shi ke kai hoto daga ido zuwa ekran. Na sa miki turnabis na murɗa kusa, da skoc na naɗe fil, da kusoshi biyu masu murɗi.

Ki ɗaura idon a tsakiyar baya, bisa pilak ɗin lamba, ki sunkuyar da shi ƙasa har ya riƙa ganin bakin ƙarfen motar. Ba sama muke so ya gani ba, ƙasa muke so, inda yaro ke zama. Dogon fil ki bi da shi ta ƙarƙashi, gefen da babu bututun hayaƙi, don zafi na narkar da shi. Ki yanka tsohuwar robar tayar keke ki riƙa ɗaure shi ga ƙarfe, kada ya yi lilo, ƙaya da kututture za su tsinke shi a daji. Ki shigar da shi ta ramin da ke ƙarƙashin kujerar direba. Ekran ki kafa shi inda babanki zai gani ba tare da ya sunkuya ba.

Sai wuta. Baƙin fil na jikin mota ne: ki kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ki ɗaure shi da kusa. Jan fil ki haɗa shi da fil ɗin farar fitilar baya, wadda ke kamawa idan an sa marshariyar, wato bitas na ja da baya. Na riga na haɗa miki jan ido da jan ekran wuri guda, daga wannan fitila dukansu za su sha. Ki naɗe da skoc sosai. Shi ke nan. Da ya sa marshariyar hoto zai fito da kansa.

Amma ki ji ni, wannan ya fi kamarar muhimmanci. Kada ku jira mota. Ku ɗora Yaya Mero a amalanke tun yanzu, da safe, a hankali, ku kai ta babbar hanya ta hau taksi zuwa Magariya. Ta sauka gidan Gwaggo Yalwa ta zauna har lokaci ya yi. Ki ce ni na ce.

Ki rubuto da zarar kin gama.

Mainassara

*

Gidan Ƙirya, ƙarshen Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Kwali ya iso, babu abin da ya fashe. Na gode, Allah ya saka da alheri. Gero ya kai gwiwa, ana maimai. Daso tana gaishe ka, ta ce a kwali na gaba ka sa dabino na gaske.

Na faɗa wa Inna saƙonka. Ta ce wa zai kai wa masu noma fura, wa zai kula da Baba da ba ya ci sai an tsaya a kansa? Ta ce kuma ba za ta je ta zauna gidan mutane da wannan jiki kowa yana kallonta ba. Ta yi alkawari da an gama maimai, sabon wata ya kama, za ta tafi. Ta ce in gaya maka ita ce yaya, ba kai ba.

Kamara ta kama, Kawu! Bari in faɗa maka yadda aka yi.

Ban iya tambayar Baba izini ba, Inna ce ta yi masa magana. Da safe da zai tafi gona sai na ga makulli bisa tabarmata. Na sa tsohon zane na shiga ƙarƙashin motar. Zanzaro ya yi gida a can, kaza kuma ta yi ƙwai kusa da taya. Matan da ke zuwa rijiya suna tsayawa, wata ta ce, "Mero, ɗiyar taki makanise ta zama? Wa zai aure ta da baƙin mai a goshi?" Inna ta ce, "Mai mota." Na ji daɗi da fuskata ba ta waje.

Ido, da dogon fil, da baƙin fil, da ekran, duk na yi yadda ka ce. A wajen jan fil ne na tsaya. Farar fitilar baya ta fashe tun ban san yaushe ba, babu ƙwai a ciki, fil ɗinta kuma a tsinke yake, ya shige cikin wasu da yawa da laka ta daskare a kansu. Don in gane wanne ne, dole a kunna kontak da makulli a sa marshariyar, in gwada su. Na zauna a kujerar Baba, na ɗora hannu bisa bitas, sai na ji yara suna wasa a bayan gida, hannuna ya ƙi. Baba kuwa ba zan iya ce masa ya zo ya sa ba.

Sai na tuna darasinmu. Abin da ake so wuta ce, wuta kuma a batir take. Na ja jan fil na kai shi gaba, na ɗaure shi ga kan batir mai alamar pilis. Nan take hoto ya fito. Na ga kaza tana tafiya a cikin gilashi, na ga ƙafar Daso da zobenta na roba. Na yi tunani hakan ma ya fi: Baba zai iya zama ya kalli bayansa ba tare da ya taɓa bitas ba, har zuciyarsa ta saba. Ekran yana da maɓalli a gefe, idan na gama sai in kashe shi. Yara suna cewa motar Malam, wato Baba, ta yi jan ido a baya, wai da magariba suna ganin wasu ƙananan ɗigo ja kewaye da gilashin. Ina jin haka aka ƙera shi.

Ranar Juma'a Baba ya zo ɗumama inji. Ya shiga, ya ga ekran. Na miƙa hannu ta taga na danna maɓallin. Ƙasa ta fito, da bakin ƙarfe, da ƙofar gidan Baba Manzo can sama. Muna cikin kallo sai Inna Zuwera ta fito da tsintsiya. Ta zo daidai bayan taya ta sunkuya ta fara shara. Ashe kullum haka take yi, wurin kuma ba ƙofar gidanta ba ne. Tun ranar da abin ya faru Baba bai dubi fuskarta ba, idan ya hango ta sai ya sake hanya. Ranar ya kalle ta har ta gama, ta kwashe sharar a tafin hannu ta tafi.

Ya ce, "Ashe har nan ake gani."

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "Kashe."

Ya fito ya tafi masallaci. Ranar ko injin bai tada ba. Amma jiya na gan shi zaune a ciki shi kaɗai, ekran a kunne, hannunsa bisa bitas. Bai sa ba, amma hannun yana wurin. Ina sa rai, Kawu. Ka taya mu addu'a.

Ɗiyarka,
Zulfa

*

Agadas, farkon Agusta

Zulfa,

Gaisuwa daga baya. Da wannan takarda ta shiga hannunki, kafin ki zauna, je ki cire jan fil daga kan batir.

Maɓallin nan hoto kaɗai yake kashewa. Idon yana nan a kunne dare da rana, jan ɗigon da yara ke gani shi ne shaida. Yana shan batir kaɗan-kaɗan kamar tulu mai tsaga. Sabon batir ma ba zai daɗe ba, balle na babanki da na san shekarunsa. Shi ya sa ake haɗawa da fitilar baya, don ya sha wuta lokacin ja da baya kaɗai. Ban rubuta miki dalili ba, na ce ki yi kaza kawai. Wannan nawa ne.

Ki cire, ki sa babanki ya tada inji yau, ya bar shi ya daɗe yana aiki. In ya ƙi tashi, a ɗauki batir a amalanke a kai Dungas a cika shi, kada a kwana.

Na kira mai shago ya fi a ƙirga, ba ta shiga, an ce iska ta kada eriyar wajenku. Na roƙi direban nan ya ba da takardar hannu da hannu.

Aikinki ya yi kyau, ɗiyata, ban da wannan. Yi sauri.

Mainassara

*

Magariya, tsakiyar Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Inna Habsatu, da yara. Ina rubutu daga gidan Gwaggo Yalwa. Inna tana asibiti, tana da rai, jiya ta sha kunu ta zauna da kanta. Na fara da wannan don kada ka karanta sauran da tsoro.

Takardarka ta same ni a nan. Direban ya gan ni a bakin asibiti ya ciro ta daga aljihun mota, ya ce ruwa ya yanke hanyarmu, bai sami mai shiga ba. Na karanta ta a tsaye.

Ranar Laraba ce abin ya faru, sabon wata bai kama ba. An kwana ana ruwa, da safe maza duk suka tafi gonakin nesa. Inna tana tankaɗe sai ta ajiye rariya ta kama katanga. Na ga jini a ƙasa. Tsohuwar da ke karɓar haihuwa a garinmu ta zo ta duba, ta fito ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku nemo mota." Daso ta ruga gona.

Baba ya zo da gudu, laka har gwiwa. Ina so ka san wannan, Kawu: bai yi jinkiri ba. Bai tsaya a ƙofar motar ba ko kaɗan. Ya shiga, ya ce in kunna gilashin, ya taka ambirayaj, ya sa marshariyar da hannunsa, ya murɗa makulli.

Motar ta yi ƙas, ƙas, ta yi shiru. Ekran baƙi ƙirin. Ya sake murɗawa, ko ƙas ɗin babu.

Ya fito ya buɗe gaban motar. Ya ga jan fil ɗina a kan batir, da skoc ɗin da na naɗe da kyau. Ya dube shi, ya rufe.

Ya ce sai an tura ta zuwa gangaren tafki, a sake ta ta gangara, ko za ta tashi. Mu mata ne da tsofaffi da yara. Muka shiga tsakanin hancin motar da katanga muka tura. Tayoyin sun zauna cikin ƙasa tun bazara, ko motsi ba ta yi ba. Daga cikin gida ina jin Inna, ba ta ihu, wani sauti take yi ƙasa-ƙasa da ban taɓa ji ba.

Sai ga Inna Zuwera ta fito da bijiman amalanken Baba Manzo guda biyu, da igiyar rijiya a kafaɗa. Ba wanda ya aika a kira ta. Ta durƙusa a daidai wurin da take sharewa, ta ɗaura igiyar ga ƙugiyar bayan motar. Baba ya zagayo, karo na farko da ya taka bayan motar nan tun ranar Altine, ya ce, "A'a. Kowa ya kauce daga baya. Ba na gani, Zuwera, gilashin ya mutu, ba na ganin komi."

Ta miƙe ta ce, "Malam, shiga motarka. Ni ce a bayan, kuma na san inda nake."

Maganarta ta farko ke nan gare shi tun rasuwar Altine.

Ya shiga. Ta kama igiyar hancin bijimai tana ja, tana kira da ƙarfi, "Taho! Taho! Dama kaɗan! Taho!" Mu muna turawa ta gaba. Ina ganin fuskar Baba ta gilashin gaba, idonsa a kan baƙin ekran, leɓensa yana motsi. Motar ta fita daga ramin tayoyinta, ta bi ta kan wurin, ta wuce. Igiya ta tsinke, aka ƙulla. Aka juya hancin motar, aka ja ta har kan gangare. Muka tura, ta gangara, ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta mutu a ƙasa kusa da ruwa. Sai da bijimai suka sake jawo ta sama da baya, suna zamewa cikin laka, ɗaya ya durƙusa sai da aka murɗa masa wutsiya. Lokacin da muka fara rana tana hantsi. Lokacin da aka sake ta karo na biyu an kira azahar. A wannan karon ta tashi.

Muka shimfiɗa katifa a baya, aka ɗauko Inna a tabarma, tsohuwa da wata maƙwabciya suka riƙe ta. Ni na zauna gaba. Muna fara tafiya sai ekran ya kama da kansa. Ga Inna Zuwera a ciki, tsaye tsakiyar hanya da bijimai, zanenta duk laka, tana ƙanƙancewa, har kwana ta ɗauke ta. Baba ya gani. Bai ce in kashe ba.

Kwari ya cika, ruwa ya shigo har ƙafafunmu, amma motar ta haye. Bayan la'asar muka shiga Magariya. Suka karɓe ta da sauri, suka yi aiki. Namiji ne. Bai zo da rai ba. Baba ya ɗauke shi a hannu cikin farin ƙyalle, shi da mijin Gwaggo Yalwa suka kai shi. Ni ban gan shi ba. Gwaggo ta ce yana da gashi da yawa.

Na tambayi wata ma'aikaciya ko da mun zo da hantsi da an same shi. Ta ce, "Ki gode Allah da uwarki," ta wuce.

Sakamakon brebe ya fito, na ci. Mushen fizik ne ya aiko a faɗa mini.

Motar tana bakin asibiti. Baba ya ajiye ta hancinta yana kallon hanya. Duk inda ya tsaya yanzu sai ya buɗe gaba ya kwance jan fil da hannunsa, in zai tashi ya mayar. Na ce zan cire kamarar gaba ɗaya in mayar maka. Ya ce kada in taɓa, in tambaye ka yadda ake gane fil ɗin fitilar baya cikin sauran, shi zai sa marshariyar ya taka birki, ni in gwada. Don haka ka zana mini, da launin kowane fil, kuma wannan karon ka rubuta dalilin kowane abu.

Shekaranjiya da Inna ta farfaɗo sosai, ta tambaya me ya tsayar da mu, don ita ta ji kamar an daɗe. Na buɗe baki, Baba ya riga ni. Ya ce, "Batir ne ya tsufa, Mero. Tun bara ya kamata in sake shi." Bai dube ni ba. Inna ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta rufe ido.

Kawu, kai ka san batir ɗin nan, kai ka san abin da idon yake sha. Da ban ɗaura jan fil a kansa ba, da motar ta tashi da hantsi? Ka amsa mini da sanin aikinka. Kada ka ba ni irin amsar Baba.

Ɗiyarka,
Zulfa